Amurka ko Ingila: Shirin Karatun Jinya ta Hanyar Zane Tun Daga Digirin Farko

Ƙanwata, kin ce kina aji biyu a sashen zane-zane, burinki ki yi digiri na biyu a fannin jinyar masu damuwar ƙwaƙwalwa ta hanyar zane, amma kin rasa ko ki koma ilimin halayyar ɗan Adam ko ki ci gaba da zanenki. Ni dai ina roƙonki kada ki sauya. Fara tsayar da ƙasar da za ki nufa, don Amurka da Ingila kowacce da abin da take dubawa.

Amurka takardar sakamako take fara buɗewa. Yawancin jami'o'inta suna neman yunit 18 na aikin hannu, wato zane da fenti da ginin yumɓu, da kuma yunit 12 na ilimin halayya, ciki har da darasin yadda tunanin mutum ke girma daga yarinta zuwa tsufa da darasin cututtukan ƙwaƙwalwa. Na farkon za ki gama da shi tun kafin ki kai aji uku. Na biyun ne aiki, domin jami'o'inmu ba kasafai suke barin ɗalibi ya yi nisa da sashensa ba. Duk darasin zaɓi da aka ba ki, ki kai shi can, ko da a tsangayar ilimi ne, sannan ki rubuta wa jami'ar da kike so ki tambaye ta ko za ta karɓa. Karatun digiri na biyun kansa yunit 60 ne, da horon aiki na aƙalla awa 700, bayan an kammala kuma sai an yi awa 1,000 tare da marasa lafiya ƙarƙashin kulawa kafin a samu rajistar sana'ar.

Ingila kuwa, inda mai zane Adrian Hill ya raɗa wa fannin suna a 1942 bayan ya yi jinyar tarin fuka, tambayarta ita ce: da wa kika taɓa zama? Digirin zane shi ne babbar ƙofa a jami'o'i irin su Goldsmiths da Roehampton da Hertfordshire, sai dai suna son wanda ya yi kusan shekara guda yana aiki da mutane masu rauni, a asibiti ko makarantar yara masu buƙata ta musamman ko gidan marayu. Karatun shekara 2 ne, ko 3 ga mai haɗawa da aiki. Wani sharaɗin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne, ke ma dole ki riƙa ganin naki mai jinyar damuwar ƙwaƙwalwa tsawon karatun, kuma galibi daga aljihunki. Ina ganin hikimar hakan sosai: wadda za ta zauna da yaron da ya ƙi magana, sai dunƙulen yumɓu yake ta murzawa yana fasawa, tana buƙatar ta san inda nata ciwon yake. Ba kuma wanda doka ta yarda ya kira kansa da sunan sana'ar sai ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya da kula da jama'a rajista a ƙasar.

A yadda kike, hanyar Ingila ta fi kusa da ke. Hutun ƙarshen zango da shekarar bautar ƙasa za su iya zama ƙwarewar da ake nema, in kika samu gurbi a wuri irin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Ki karɓi takardar shaida mai kwanan wata da adadin awanni tun kafin ki bar wurin.

Kundin ayyukanki kuma duka biyun za su nema. Kada ki cika shi da hotunan fuska masu kyau kaɗai; suna son ganin hannunki a kayan aiki iri-iri, har rini da saƙa. Duk abin da kika gama, ki fito da shi tsakar gida da hantsi, ki jingina shi da farin bango ki ɗauki hotonsa, ki rubuta kwanan wata a bayansa.