Wace manhaja ce za ta iya da bidiyon 24p na kyamararka? Duba nan kafin ka kashe kuɗi

Masu sayen kamkoda saboda 24p, wato firem 24 a sakan irin na silima, yawanci sai sun zo editin suke gane ba kowace manhaja ce ke iya da shi ba, hoto ya riƙa tsalle ko ka ga wasu layuka kamar haƙoran mataji a gefen mutum in ya motsa. To kafin maganar manhaja, fara sanin wane irin 24p ne a hannunka, don iri biyu ne.

Akwai na gaske, fayil ɗin kansa firem 23.976 ne a sakan, wato kusan 24, kamar na wasu kyamarorin Panasonic da Sony masu tsarin ajiyar bidiyo na AVCHD. Akwai kuma wanda aka cusa cikin 60i, wato tsarin talabijin mai rabin firem 60 a sakan, irin na Canon HV20 da ta fito a 2007 da wasu Canon Vixia masu saitin PF24, kyamarar ta ɗauki 24 amma ta rubuta shi a 29.97 da dabarar 2:3, shi ya sa cikin kowane firem biyar za ka tarar biyu a cakuɗe. Sauke MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, kyauta ce, jefa fayil ɗin ciki. In ka ɗauka a 24 amma ta nuna maka 29.97, to naka na biyun ne, kuma gaskiya kar ka dogara da ƙananan manhajoji su warware maka, wuce da shi ta HandBrake, manhajar sauya bidiyo, tukuna ka kunna Detelecine, mai cire wannan 2:3 ɗin, ka sa firem a 23.976, sannan ka shiga editin. Aiki ne ƙari amma sau ɗaya ne.

Yanzu manhajojin. DaVinci Resolve ita zan fara nuna wa mutum in laftop ɗinsa na da ƙarfi, kyauta ce, ba tambari a kan bidiyo, kuma tana bambance 23.976 da 24 cif. Sai dai tana da wani hali, da zarar ka zuba faifai a furojet ta kulle saitin firem ɗin furojet ɗin, don haka saita tun kafin ka shigo da komai. Ga cin RAM, 16GB ake so, mai 4GB kar ma ya wahalar da kansa da datarsa.

Shotcut da Kdenlive su ma kyauta ne kuma sun fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta, suna barinka ka zaɓi firem da hannunka, fuskarsu ce dai ba ta da kyan gani. Filmora da PowerDirector sun fi daɗin koyo, amma Filmora ta kyauta tana manna tambari, kuma in za ka biya, gwada ta gwajin da fayil ɗin kyamararka tukuna, ka fitar da minti ɗaya ka sake duba shi a MediaInfo, in ya koma 30 to ka san inda tsallen ke fitowa. CapCut ta kwamfuta tana da 24 a wajen fitarwa, ta isa ga gajeren abu na TikTok, ban dai ba ta aikin biki na awa biyu ba. Masu Mac, iMovie tana bin firem ɗin faifan farko da ka ɗora, don haka kar ka fara da na waya mai 30.

Wani abu da ya shafe mu, kyamarorin gwanjo da ke zuwa daga Amurka tsarin NTSC ne, na wuta mai 60Hz, mu kuwa wutarmu a Najeriya da Nijar 50Hz ce, shi ya sa wani lokaci hoto ke ƙyafta ido a ƙarƙashin fitilar holin biki, kuma gyara wannan a editin wahala ce. In kyamarar na ba da saurin shata (shutter) 1/50 ko 1/100 yi amfani da shi. In kuma ba ka riga ka saya ba, nemi samfurin Turai mai 25p, a ido kusan ɗaya suke da 24, ba ruwanka da 2:3, kuma duk manhajojin nan na karɓarsa ba gardama.