Inshorar gobarar shago a Damagaram: saye ba wuya, diyya ce ke jan ƙafa

Wajen saye, inshorar gobara da wakilan kamfanonin asirans ke tallata wa masu shago da sito a Kasuwar Dole da Zango ba ta da abin kushewa. Ka faɗi darajar gini da ta kaya, a lissafa maka kuɗin shekara, ka biya, a ba ka kwantiragi. Tun 2011 dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita tare da sauran ƙasashe 13, ta ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, saboda haka resi shi ne takarda ta farko da za ka adana, kuma ba a cikin shagon ba. A garin da wayoyin lantarki suka cakuɗe a saman rumfuna, iskar hunturu na kaɗawa, ruwa kuma na ƙaranci, muna ganin ta cancanci kuɗinta.

Inda hidimar ta yi rauni shi ne bayan wuta ta mutu. Yawancin ofisoshin Damagaram wakilci ne kawai, dosiye sai ya tafi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, kafin a sa hannu. "Yana hedikwata" ita ce amsar da mai shago zai yi ta ji, kuma sau da yawa wakilin ba ƙarya yake yi ba, shi ma jira yake.

Sai dai ba duka jinkirin ne laifin kamfani ba. Mutane na ɗaukar cewa kwanaki na fara ƙirguwa tun ranar gobara. Ba haka ba ne. Da farko kana da wa'adin sanar da kamfani, wanda doka ta ce ba zai gaza kwana 5 na aiki ba. Yi shi a rubuce, a buga maka hatimi a kan kwafinka. In ka makara, ba za a soke haƙƙinka ba sai kamfani ya nuna makarar ta jawo masa asara. Amma agogon da ya shafi kuɗi yana tashi ne ranar da ka miƙa lissafin asara tare da hujjojinsa: rahoton 'yan kwana-kwana, takardar kwamisariya ko ta jandarma, faktir na kaya, takardun duwan in daga Kano ko Kwatano aka shigo da su, littafin shiga da fita, da hotuna. A nan ake tuntuɓe. Ɗan kasuwar da ya saro atamfa bisa amana, littafinsa kuma ya ƙone a cikin durowar shago, ba shi da abin miƙawa sai baki. Mafita ita ce a koma wurin dilan da aka sara a hannunsa ya sake fitar da kwafi, a haɗa da takardun tura kuɗi na banki ko na kamfanonin aika kuɗi. Kuma kada a share wurin kafin ƙwararren da kamfani ke aikowa don ƙiyasta asara ya zo. Ƙonannun bandir, narkakkun robobi, tulin gwangwanaye, da su yake ƙiyasta yawan abin da ke ciki.

Aya ta 46 ta dokar CIMA ita ce makamin mai shago, ga ta kuma gajera. In wata 3 ya cika da miƙa lissafin asara ba a gama ƙiyasi ba saboda jinkirin kamfani ko ƙwararrensa, kana da ikon sa kuɗin ruwa na jinkiri ya fara hawa, ta hanyar aika wa kamfani takardar gargaɗi. In wata 6 ya cika, kowane ɓangare na iya zuwa kotu. A lura, ruwan ba ya hawa da kansa. Wanda ya yi shekara yana sintiri ofis, ana ba shi kujera da ruwan sanyi, bai aika takardar ba, ba ya bin ko dala ta wannan jiran. Hanyar da ba a iya musantawa ita ce ta hannun wisiye, ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, domin ranar da ya rubuta ita ce ranar da alƙali zai duba.

Nawa ne ruwan? Ana amfani da ƙimar da hukuma ke tsayarwa kowace shekara bisa farashin bashin babban bankin BCEAO. A ƙaddara kashi 5 cikin 100 ne, diyya kuma miliyan 6 na sefa: jika 300 ke nan a shekara, jika 25 a wata. Ga mai shagon da ke rufe, yana biyan haya, masu bashi na sallama a ƙofar gida, wannan bai kai ko cinikin yini ba. A ganinmu nan ne dokar ta yi sanyi, musamman in aka kwatanta da diyyar haɗarin mota, inda tarar jinkiri ke hawa wata-wata ba sai an roƙa ba. Wasu 'yan kasuwa ma ƙyamar kuɗin suke yi saboda batun riba. Wannan fatawar malamai ce. Amma ko ba za ka ci kuɗin ba, aika takardar, don ita ke sa a zaro dosiyenka daga ƙasan tuli.

Rigima ta biyu, wadda ta fi cin lokaci, a kan adadi take. Ka yi inshorar kaya na miliyan 10 a lokacin da kasuwa ke kwance, gab da Sallah ka cika shago ya kai miliyan 20, wuta ta ci na miliyan 8. Kamfani zai ce rabi ka yi wa inshora, miliyan 4 zai biya, sannan ya cire kason da kwantiragi ya ce kai za ka ɗauka, ya rage kuɗin tsufa a kan gini, kanta da firiji. Doka na bayansa. Laifin wakilai shi ne ba su cika bayyana wannan ranar saye ba, alhali ana iya neman ƙara darajar kayan da ke cikin kwantiragi kafin azumi. In ba ka yarda da ƙiyasin ƙwararrensu ba, kada ka sa hannu a takardar sallamar haƙƙi. Yawancin kwantiragi sun ba ka damar ɗaukar naka ƙwararren, in biyun suka saɓa a nemo na uku, a raba kuɗin aikinsa. Ka kuma nemi a ba ka wani kaso na abin da ba a jayayya a kansa, ka rubuta a jikin resi cewa somin-taɓi ne.

Akwai wa'adin da ke kashe magana gaba ɗaya: shekara 2. In ta wuce ba ka ɗauki mataki ba, haƙƙin ya faɗi. Naɗa ƙwararre yana katse ta, haka ma wasiƙa mai rajista ta gidan waya wadda ake dawo maka da shaidar karɓa. Kiran waya da alkawarin "mako mai zuwa in sha Allahu" ba sa katse komai. Kafin kotu, ana iya rubuta koke ga sashen sa ido kan inshora na Ma'aikatar Kuɗi a Yamai, a haɗa kwafin kowace takarda. In kuma sai an yi shari'a, kotun wurin da dukiyar take ce ke da hurumi, wato a nan Damagaram za a yi ta, lauyan kamfani ne zai hau mota.