Tsarabar Indiya: wata biyu ina shafa ubtan, ga abin da na gani

Tun da Anti ta raka Hajiyarmu asibiti a Delhi ta dawo min da ƙullin kayan gyaran fata irin na Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiyawa, nake cewa zan ba ku labari, to yau dai Allah ya yi. Abu uku ne, garin ubtan, da wata ƙasa da suke ce wa multani mitti, sai 'yar kwalbar man kumkumadi.

Ubtan ɗin ina buɗewa na fashe da dariya, ai ƙanwar dilka ce! Garin wani wakensu ne mai suna chana aka haɗa da kurkum da sandal, ki kwaɓa da madara ko ruwan wardi ki shafa, in ya fara bushewa ki murje. Su ma amare suke yi wa, har rana guda suke warewa kafin aure a shafe ango da amarya da kurkum, haldi sunan bikin. Ni fuskata mai maiƙo ce sosai, sau biyu nake yi a sati kuma gaskiya wajen sati na uku maiƙon ya ragu, ƙurajen goshina suka lafa, fatar ta yi sumul har hoda ta fara zama. Amma mai neman fari kar ma ta ɓata kuɗinta, kalata tana nan yadda Allah ya yi ni. Kurkum ɗin kuwa ya gama min da farin tawul guda, farcena ma sai da ya kwana biyu rawaya kamar na ci tuwo da miyar manja.

Multani mitti, sunan daga garin Multan na Pakistan ya samo asali, lokacin zafi ta yi min daɗi don tsotse maiƙo take yi tas, amma da iskar hunturu ta fara kaɗawa na shafa sau ɗaya fuskata ta ɗaure tamau har gefen bakina ya tsage, na ajiye ta sai bazara. Mai busasshiyar fata dai ta yi nesa da ita.

Man kumkumadi shi ne mai tsadar cikinsu saboda za'afaran da ake sawa, asalinsa kuma man riɗi ne. Ƙamshi kam ba magana, sai dai ya min nauyi, kwana huɗu ƙuraje suka dawo, na miƙa wa Hajiya ita kuwa ya karɓe ta.

Jiya wata a WhatsApp take min tallar garin neem wai daga Indiya, kuɗi ba kaɗan ba, na ce baiwar Allah neem fa darbejiya ce, dogon yaron nan da ke ƙofar gidanmu muna share ganyensa kullum da safe. Daga can Indiyan aka kawo mana bishiyar tun asali, to tunda ta riga ta iso kuɗin jirgin me kuma zan biya? Na sa Abba ya tsinko min, yana can a inuwa yana bushewa.