Suwic ɗin da ya dace ka saya idan za ka raba layi da VLAN a ƙauye

Bara shugaban wata makarantar kwana a yankin Ringim ya nemi in haɗa masa ɗakin kwamfutocin ɗalibai da ofishin akawu da kyamarorin bakin ƙofa a kan layin intanet guda, da sharaɗin kada wani ɗalibi ya iya leƙa kwamfutar akawu. Aikin VLAN ke nan: suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta waya, ɗaya ce, amma an yanka ta gida-gida, kowane rukuni da lambarsa, ba mai jin abin da ake yi a gidan wani. Wayar da ke ɗaukar dukkan rukunan daga wannan suwic zuwa waccan ita ce tirank, kuma aikinta kamar na motar da ta ɗauko buhunan 'yan kasuwa da yawa zuwa Dawanau ne, kowane buhu da sunan mai shi a jiki. Ƙa'idar rubuta sunan ita ce 802.1Q, wadda ta fito a 1998. Tana ƙara bayit 4 a kan kowane saƙo, tana kuma ba da lamba daga 1 zuwa 4094. Duk suwic ɗin da ba ka ga 802.1Q a takardarta ba, ka bar ta a shago.

Mafi araha da za a fara nuna maka ita ce TP-Link TL-SG108E mai kafa takwas, wato ramukan soka waya takwas, wadda ke ɗaukar VLAN har 32. Ta ishi shagon buga takardu ko ƙaramin asibiti. Inda mutane ke tuntuɓe da ita shi ne, bayan an sa kafa cikin rukuni sai an koma wani shafi daban an sa mata lambar PVID, wato lambar rukunin da saƙon da ya shigo ta kafar zai shiga, in ba haka ba saƙon da ya shigo ta kafar zai ci gaba da faɗawa VLAN 1, kana ta zargin waya alhali wayar lafiya lau take. Suwic ɗin UniFi kuwa tana da kyan fuska, amma sai ka tanadi manhajar da ke kula da ita kafin ka canza mata komai, ni kuma ba na son ƙarin abin reno a wurin da babu ma'aikacin kwamfuta na dindindin.

Sai Cisco Catalyst 2960 ta hannu, wadda duk wanda ya yi karatun CCNA, kwas ɗin Cisco na haɗa kwamfutoci, zuciyarsa ke karkata gare ta, don da irinta ya koya. Ba a raina ta wajen gano matsala: umarnin show vlan brief da show interfaces trunk za su nuna maka kusan komai, kuma idan VLAN ɗin da ke wucewa babu alama ya bambanta a ɓangarori biyu na tirank, ita da kanta za ta yi ta rubuta maka gargaɗi. Sai dai mai kafa 24 ɗin tana da fanka, wutar gida kawai take karɓa, kuma samfurin 24TT-L da ya cika kasuwa gudun kafofinsa megabit 100 ne, biyu kacal ke kai gigabit. Akwai kuma tarkon da mai sayen ta hannu ya kamata ya sani: jerin VLAN yana zaune ne a fayil ɗin vlan.dat, wanda goge saitin farko ba ya taɓa shi, don haka suwic ɗin da ta zo da tsohuwar lambar VTP mai girma (VTP tsari ne da suwic-suwic na Cisco ke aika wa juna jerin VLAN da shi) tana iya shafe jerin sauran suwic-suwic idan sunan yankinsu na VTP ya zo ɗaya. Ka goge fayil ɗin, ka mayar da VTP zuwa transparent, kafin ka soka mata ko da waya ɗaya. Ni ma na taɓa rubuta switchport trunk allowed vlan 30 na manta kalmar add, nan take sauran rukunan suka ɓace daga tirank, akawu ya fito yana tambaya ko kuɗin data ne ya ƙare.

Wadda na saya wa makarantar, kuma wadda zan sake saya gobe, ita ce MikroTik CRS326-24G-2S+RM, ta wani kamfani da ke Riga a ƙasar Latbiya. Kafofinta 24 duk gigabit ne, da ƙarin ramuka biyu na SFP+ don wayar faiba. Ba ta da fanka, saboda haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu tana tara wa kanta, ba ta kuma damun aji da ƙara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tana karɓar wutar batir kai tsaye daga bolt 10 zuwa 30, kuma cinta bai wuce wat 24 ba, ma'ana za ka iya ɗaura ta a kan batirin sola da fis a tsakani, ba tare da ta bi ta inbata ba. Wanda ya taɓa ganin jarrabawar gwaji ta tsaya saboda inbata ta ɗauke a tsakiyar zafin watan Afrilu, ɗalibai arba'in sun zuba masa ido, ya san darajar wannan. Tana tashi da manhajar SwOS mai sauƙi ko da ta RouterOS, kuma a jerin CRS3xx, wanda take cikinsa, tace VLAN a kan bridge yana gudana ne a guntun suwic ɗin kansa, ba ya dogara da ƙaramar ƙwaƙwalwarta. Tsofaffin CRS1xx da CRS2xx ba haka suke ba, kada a ba ka su a ce duk ɗaya ne. Aibinta shi ne ba ta lallashin sabon shiga. Idan ka kunna vlan-filtering kafin ka ware wa kanka hanyar shiga, ta rufe ka a waje ke nan. Maganin wannan shi ne ka danna Safe Mode a Winbox, manhajar saita MikroTik, kafin ka taɓa komai, domin idan haɗin ya yanke ta janye canjin da kanta.

Duk wannan kwatance ba zai amfane ka ba idan abin da ke cikin kwali ba shi ne aka rubuta a bayansa ba. Wani mai shago a birni ya taɓa ce mini, "Yallaɓai, wannan sabuwa ce dal, ba sai an buɗe ba." Sai da na kai ta ƙauye na yanke salatif, na tarar kwalin na TL-SG108E ne, ta ciki kuwa TL-SG108 ce, babu harafin E, babu shafin saiti, babu VLAN. Kamanninsu kusan ɗaya ne, baƙin ƙarfe mai kafa takwas, sai ka juya ƙasanta ka karanta ƙaramin rubutun. Tun daga ranar nake zuwa kasuwa da laftof da guntuwar waya a jaka. A gaban mai shago nake kunna na'ura in shiga shafinta, 192.168.0.1 ga TP-Link ɗin, 192.168.88.1 ga MikroTik, in ƙirƙiri VLAN guda in ga ya zauna, sannan a yi maganar kuɗi. Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama.

Jabun ba a kan ƙananan kaya ya tsaya ba. A 2020 kamfanin tsaro na F-Secure ya bayyana binciken da ya yi kan jabun Catalyst 2960-X, waɗanda suka yi ta aiki ba a gane su ba har sai da aka sabunta musu manhaja suka tsaya. Don haka idan ta hannu za ka saya, ka rubuta show version ka gwada lambar da ta fito da wadda ke manne a jikin ƙarfen, kuma kada ka biya kuɗin wadda aka kulle da kalmar sirrin tsohon mai ita sai an buɗe ta a gabanka.

Waya ma haka. Yawancin kwalayen wayar Cat6 masu arahar ban mamaki alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare silin guda da reza, idan fari ya bayyana to ka gane. Irin wannan waya tana sa tirank ya riƙa yankewa yana dawowa, ka kwana kana binciken saitin da babu laifinsa. Ko ta gaskiyar ma iyakarta mita 100, kuma tsakanin gini da gini gara ka ja faiba ta ramukan SFP+, saboda tsawar damina tana bin wayar ƙarfe ta ƙone kafa, ba ta bin gilashi. Idan an gama ciniki, ka sa mai shago ya rubuta cikakken sunan samfurin da lambar jikin na'urar a kan rasit, ya sa hannu, da adadin kwanakin da ya yarda a dawo masa da ita.