GARGAƊI: mai saka injin get na rimot ya ci mana sidi 18,500 a Kumasi

Salamu alaikum jama'ar Zango. Wallahi raina a ɓace yake, amma gara in faɗa kafin mutumin nan ya shiga gidan wani. Sidi 18,500. Ga masu lissafi da tsohon kuɗi, miliyan 185 kenan. Kuma kuɗin ba nawa ba ne, Yayana ne da ke Amurka ya turo a sa wa get ɗin gidan Hajiyarmu a Sawaba inji, saboda ƙarfe ne mai nauyi irin mai zamewa a kan layi, sai yara biyu sun haɗu suke tura shi, kuma tun da ɓarayi suka haura gidan maƙwabta Hajiya ba ta samun barcin kirki.

Kar wanda ya zo min da "me ya sa ka yarda". Ban tura ko kwabo saboda hoton Facebook ba. Cewa na yi sai na ga aikinka da idona, ya ce ba matsala Alhaji, ya ɗauke ni har Ahodwo, ya tsaya a gaban wani babban gida ya zaro rimot daga aljihun gaban rigarsa ya danna, get ya buɗe sumul ko ƙara babu. Ya sake dannawa yana rufewa sai ya sa ƙafarsa a tsakiya, get ya tsaya cak ya koma baya, ya dube ni ya ce "ka gani, ko jikan Hajiya ya gitta ba abin da zai same shi". Daga aljihunsa fa ya zaro rimot ɗin! Maigadin gidan har ɗaga masa hannu ya yi. Ku gaya min tsakani da Allah wa zai ga wannan ya ce ƙarya ne? Har yau in na rufe ido wannan rimot ɗin nake gani.

Kashin farko 11,000 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. A'a, kafin nan ma ya zo gida ya auna get, ya ce nauyinsa ya kusa kilo 500 don haka injin Centurion D5 ne daidai da shi, ɗan Afirka ta Kudu, mai batir a ciki ko an yi dumsor, wato an ɗauke wuta, zai ci gaba da aiki. Na kira weldan da ya haɗa mana get ɗin a Suame Magazine na tambaye shi nauyin, ya ce haka ne. To wane bincike ne ban yi ba? A ranar tare muka yi la'asar, ya durƙusa ya gaida Hajiya, yana ce mata Mma, ta sa aka zubo masa waakye ya cinye tas. Sunan da ya fito a MoMo na mace ne, ya ce layin matarsa ne nasa ya cika, kuma 'yan kasuwa nawa ne a Kejetia ke karɓar kuɗi ta layin iyalinsu? Sai 4,500 wai kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema, sai 3,000 na intakom mai kamara da allon lambobi na ƙaramar ƙofa. 11,000 da 4,500 da 3,000. Ku haɗa da kanku.

Intakom ɗin har yau ba mu ga ko kwalinsa ba. Inji kuwa ya zo ya saka, shi ya sa ma abin ya fi min ciwo, da gudu ya yi da kuɗin tun farko da na san ɓarawo ne kawai. Bai yi wani daɗewa ba aka ɗauke wuta da asuba, get ya ƙi motsi, motar ƙanina a ciki yana da fasinja da zai kai filin jirgi, ƙaramin makullin da ake sakin inji a tura da hannu bai ba mu ba, ban ma san akwai shi ba sai ranar. Na kira shi wai yana Tamale wurin aiki. Daga baya yana Accra. Yanzu layin a kashe, WhatsApp ya toshe ni, shafinsa na Facebook ya canza suna amma bidiyoyin su ne dai.

Wani mai gyara da na samo a Adum ya buɗe murfin a gabana. Tsohon inji ne aka fesa wa fenti aka manna masa sitika, na ƙaramin get, batir ɗin ya kumbura har ya tsage a gefe, haƙoran ƙarfen da inji ke ja an yi musu walda a karkace suna tsallake. Sai ya je wurin idanun nan biyu da ke jikin ginshiƙi, waɗanda ya kamata su tsayar da get in mutum ya gitta, ya ciro ɗaya da hannu kawai. Kwanko ne! Babu waya babu komai a ciki, gam aka sa aka liƙa a bango. Jikokin Hajiya a nan suke wasa kullum, a bakin get mai kilo kusan 500. Kuma ya duba ya ce rimot uku ne inji ya sani, mu biyu aka ba mu. Na ukun yana hannun wa? Mun biya 18,500 don tsaro, muka ba ɓarawo mabuɗin gidan uwarmu. Yanzu an cire wayar injin gaba ɗaya mun koma kwaɗo da sarƙa.

Gidan Ahodwo na koma. Maigadin ya ce fenti mutumin ya taɓa yi musu, ara masa rimot ya yi ranar don ya ce zai nuna wa abokinsa. Ban da wannan aron da ban ba shi sisi ba, wallahi da ban ba shi ba.

In za ku sa irin wannan, ku je shagon mutum, a buɗe kwali a gabanku, ku karɓi risit da makullin hannu, a goge duk rimot a sake saitawa, kar ku biya duka sai an kashe wuta an gwada. Sunan MoMo ya bambanta, ku tsaya.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma kira 292 na hukumar tsaron intanet. Sikirinshot na MoMo duka uku, muryoyinsa da hoton kwankon nan ina da su, zan saka da daddare in na rufe lambobin mutane. Yaya ya kira jiya yana cewa a turo masa bidiyon get yana buɗewa ya nuna wa abokansa, na rasa bakin magana. Kai kuma na san kana karantawa da wani suna, ka ci abincin Hajiya ka kira ta Mma, 18,500 ɗin nan ban yafe ba, Allah ya isa, kuma duk wanda ka yi wa irin wannan a Aboabo, Asawase ko Tafo ya neme ni mu je ofishin 'yan sanda tare.