Gargaɗi: mai sayar da kuben bindiga na jabu a WhatsApp ya ci riyal 1,140

'Yan'uwa na Jidda da Makka masu lasisin riƙe ƙaramar bindiga, ku yi hattara da wani mai tallar kube a WhatsApp. Kube uku na saya a hannunsa, kowanne riyal 380, jimla riyal 1,140, wai Kydex ne na asali daga Amurka, wato wata roba mai tauri da ake yin kube da ita, an zuba shi daidai jikin bindiga ƙirar Glock 19. Wallahi har yanzu raina tafasa yake yi.

Bidiyon da ya turo shi ya ci ni. Ya zura bindiga, aka ji ƙas ɗin nan da kube mai kyau ke yi idan ya kama zoben kunama, ya kifa shi ƙasa ya girgiza, ba ta motsa ba. Duk wanda ya san kube zai yarda da wannan bidiyon. Kada wani ya ce wauta na yi. Na tambaye shi kaurin robar, ya ce 0.08 na inci, wato kusan milimita 2, kuma amsar ke nan daidai. Na tambayi maƙalin, ya ce na bel mai faɗin inci 1.5 ne. Mutumin ya haddace bakin sana'ar. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma kafin na tura kuɗin, kuma har yau ƙas ɗin na kunnena.

Abin da ya iso roba ce sakwa-sakwa, da yatsa biyu kake matse bakinta ya haɗe. Kuben da bakinsa ke rufewa idan an zare bindiga sai ka sa hannu na biyu ka buɗe shi kafin ka mayar, ka ga ke nan bakin bindiga ya bi ta kan yatsunka. Wannan ma mai sauƙi ne. Zoben kunama rabinsa a waje yake, ƙaramin yatsa na shiga ya taɓa kunamar alhali bindigar na cikin kube. Glock ba ta da makullin gefe da ake turawa da babban yatsa, kariyarta tana jikin kunamar kanta, kuma nauyin kusan kilo 2.5 ya isa ya tashe ta. Mazagin wando, gefen singileti, ninkin jallabiya, duk abin da ya saƙala cikin zoben nan lokacin mayarwa zai iya ja. Shi kuwa yana tallarsa a matsayin na ɗaurawa a gaban ciki, inda bakin bindiga ke kallon cinya, wurin babbar jijiyar jini. Riyal 380 a kan abin da zai iya halaka mai shi!

Maƙalin ma roba ce marar ƙugiya a ƙasa, ba ya cizon bel. Ka ja bindiga, kube ya biyo ta. Sukurorin da ake ƙara ƙarfin kamu da su na ado ne, babu robar da ke tsakaninsu, ka juya har gobe ba abin da zai canja. Ɗaya daga cikin ukun ma na Glock 17 ne, ya fi tsawo.

Tun kafin wannan fa, ranar da muka fara magana, na nemi lambar rajistar kasuwancinsa, ya ce ana sabunta ta. Asusun da ya ba ni kuma na mutum ne, sunan daban da nasa, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya. Bidiyon ne ya rufe min ido. Da na tura masa hoton yatsa a kan kunama, sai ya toshe ni. Riyal 1,140.

Zan ɗora hotunan hirarmu da rasit ɗin banki da bidiyon nasa kusa da abin da ya aiko, ku gani da idonku.

Kada ku tura kuɗi asusun mutum. Kube sai an gwada da hannu: cire gidan harsashi, duba cikin bindiga sau biyu, zura, kifa, gwada ko yatsa na kai wa kunama. Wanda ya riga ya faɗa hannunsa ya kira ma'aikatar kasuwanci a 1900, ya kuma sanar da bankinsa yau.