Kafin ɗalibin kimiyyar siyasa a Sakkwato ya kashe kuɗinsa wajen koyon binciken hira

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da yake son sanin yadda hakimai ke shiga siyasar ƙananan hukumomi 23 na jihar nan ba zai samu amsa daga takardar tambayoyi ta "eh ko a'a" ba. Dole ya iya hira, ya iya zama a zaure, ya iya karanta tsohuwar takarda. To a ina zai koyi wannan, kuma wanne ya cancanci kuɗinsa?

Na farko shi ne abin da ke gida. Sashen Kimiyyar Siyasa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da kwas na hanyoyin bincike, kuma an riga an biya shi cikin kuɗin makaranta. Amma kwas ɗaya ba ya isa ya koya maka yadda za ka sa dattijo ya saki jiki ya yi magana. Shawarata, ka nemi malamin da ya taɓa aikin fili, wato fita cikin jama'a don tattara bayanai, ka roƙi ka bi shi, ko da riƙe masa rikoda za ka yi. Ka leƙa sashen Tarihi ma, domin sun daɗe suna tattara tarihin baka. Ga kuma Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a cikin gari, inda kuɗin keke napep kaɗai ke tsakaninka da takardun Larabci da na ajami. Rahotannin Turawan mulki daga 1903 kuwa, sai ka nufi ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, kana can ka shiga Arewa House, cibiyar adana takardun tarihin Arewa.

Na biyu, intanet. Jami'ar Amsterdam tana da kwas a kan irin wannan bincike a Coursera, shafin karatu ta intanet, kuma ana iya neman a yafe kuɗin. Yana koyar da ka'idoji da kyau. Sai dai misalansa na Turai ne, babu wanda zai faɗa maka cewa a nan sai an fara gaida mai unguwa kafin a buɗe rikoda, ko cewa hira da matan aure sai ka tura mace. Ka lissafa data da cajin waya.

Na uku, bita a waje. Jami'ar Syracuse ta Amurka tana shirya zaman mako biyu a watan Yuni, wanda ake kira IQMR, musamman saboda masu nazarin siyasa. Can ake zurfafa yadda ake zaɓar wuraren da za a kwatanta da yadda ake bin diddigin al'amari daga sanadi zuwa sakamako, kuma ɗalibi yana gabatar da tsarin bincikensa a yi masa gyara. Jami'ar Essex a Ingila ma tana shirya irin wannan bita ta hanyoyin bincike a lokacin dogon hutu. Mafi kusa da mu ita ce CODESRIA da ke Dakar, ƙungiyar bunƙasa binciken kimiyyar zamantakewa a Afirka wadda aka kafa a 1973, ga shi ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Senegal. Duka suna da amfani, amma ban ga dalilin sayar da gona don tikitin jirgi ba. In babu tallafi, a haƙura. Wanda yake koyarwa a jami'ar gwamnati ya gwada neman na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta makarantarsa. Kuma kada a tafi kafin a tsayar da tambayar bincike, in ba haka ba yawon buɗe ido aka je.

Saura manhajar tsara bayanan hira. NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA duk na kuɗi ne, kuma lasisinsu ya fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai. Taguette da QualCoder kyauta ne, sun ishi mai hira talatin ko arba'in. Babu ɗayansu da ke yi maka tunani, jera bayanai kawai suke yi. Masu tallar bitar manhaja ta kwana uku a otal, ka tambaye su ko akwai zaman gwada hira a ciki.

Inda kuɗin ke tafiya a zahiri shi ne rubuta abin da aka naɗa. Hirar awa ɗaya tana iya cin rabin yini, kuma na'urar da ke mayar da murya rubutu tana tuntuɓe da Sakkwatanci. Ka ware wannan kuɗin tun farko, tare da na mota da na ɗan jagora wanda mutanen garin suka sani. In aikinka ya shafi Isa ko Sabon Birni, ka zauna da malamin da ke duba aikinka kan batun tsaro kafin ka sa ƙafa.